Injin da Ya Ɗora wa Yaya Asabe Kaffara

Azumin bana a tsakiyar zafi ya same mu, irin zafin Garwa da kan sa mutum ya taɓa kujerar babur ya janye hannu da sauri. Tun hantsi miyau ke ƙarewa. Jiya da azahar ina zaune a ofis, fanka na juya mini iska mai ɗumi, sai wani abokin aikina ya leƙo ya ce akwai wani sashe a aikin da muke yi da za mu iya tsallakewa, tunda a takarda an rubuta cewa ba dole ba ne. Na yi dariya har ya tsargu. Ban yi masa bayani ba, don bayanin dogo ne, ga ƙishirwa. Amma tun daga lokacin hankalina ya koma wani azumi, shekara goma sha biyar ke nan ko kusa, wanda ya faɗo a tsakiyar damina. A wannan azumin ne ni ma na tsallake abin da ba dole ba, na sha wuyarsa, na kuma shayar da wasu.

Azumin damina daban yake. Ƙishirwa ba ta cika damun mutum ba, yunwa ce ke zama da kai. Tsohuwar dawa ta ƙare, sabuwa ba ta nuna ba, kome a kasuwa ya yi tsada. A gidanmu miyar tafasa ce yau, gobe yakuwa, jibi a koma tafasa. Kunun gyaɗar buɗa baki kullum ƙara tsinkewa yake, har na taɓa tambaya ko gyaɗar ta shiga tukunyar ko ta gefe ta wuce, aka ce in ba na so akwai masu so. Itace a jiƙe, hayaƙi ya cika tsakar gida, duk mai girki idonta jawur. Kogin Binuwai ya cika ya hau gonaki, sauro ya samu gari. Rana kuwa sai a yi kwana uku ba a ga fuskarta ba, shi ya sa in magariba ta gabato ladanan unguwa ke rarrabuwa, wannan ya kira, wancan ya ce da saura. Mu dai wanda ya fara kira shi ne malaminmu a ranar.

A shekarar na dawo daga jami'a a Ngawundere da takardar ilimin kwamfuta, da kuma girman kan da ya fi takardar nauyi. Gidanmu gidan mahauta ne kaka da kakanni, ni kaɗai na ƙi wuƙa. Da Inna, mahaifiyata, ta tambaye ni aikin da nake yi, na ce mata ina haɗa sarber. A wurinmu masu kwamfuta, sarber inji ne da ke zaune wuri guda, duk wanda ya roƙi wani abu ta intanet ya miƙa masa. Amma Inna wani sarber ɗin ta sani, wanda ke yawo da tire a gidan abinci. Ta ce, "To, ba kome, sana'a ce. Amma don a miƙa wa mutane faranti sai an yi shekara huɗu a Ngawundere?" Har yau in ta so tsokana, haka take gabatar da ni ga baƙi.

Akwai sarber da aka riga aka rubuta, kyauta, duniya duk da su take aiki. Ni na ce nawa zan rubuta da hannuna, layi bayan layi, don a san an yi karatu. Na samu wata tsohuwar kwamfuta na ajiye a ɗakin baya na wani shagon intanet, irin wanda muke kira sibar, a Rumde Ajiya. Mai shagon, Madam Solanj, 'yar kudu ce, ta ba ni ɗakin a kan in riƙa gyara mata injuna. Intanet ɗinta ta wani faranti take shigowa a saman rufi, farantin da ba ya shiri da hadari. Da zarar gabas ta yi baƙi, rezo, wato layin sadarwar, ya tafi.

Injuna suna da ƙa'idojin magana da juna, an tattara su a wani kundi mai kauri da Ingilishi, ni kuwa Faransanci na yi. Na buga shi a takarda na zauna da ƙamus. Sai na lura da kalmomi uku da ake rubutawa da manyan baƙaƙe kusan a kowane shafi: MUST, SHOULD da MAY. Na farko na nufin dole, na biyu ya kamata, na uku in ka ga dama. Nan take na gane su, ai tun muna makarantar allo muka san wannan tsarin. Na ɗauki biro na bi kundin ina rubutawa a gefe: farilla, sunna, nafila. Na ji daɗin wannan fassara tawa ƙwarai, har na so a ce akwai wanda zan nuna wa. Na cika farillai duka, na taɓa sunnoni gwargwadon hali, nafiloli kuwa na ce sai bayan Salla. A cikin nafilolin akwai wani shafi da ke cewa in mutum na sauke abu ya katse masa a hanya, yana iya roƙon ragowar kawai daga inda ya tsaya, sarber kuma in ya ga dama ya ba shi, in bai ga dama ba ya sake miƙo masa duka daga farko. Na karanta, na yi hamma, na rubuta nafila na juya shafi.

Kawu Ɗanlami yayan Inna ne, mahauci, daga baya ya koma fataucin shanu a Kuseri. Shekara talatin yana zama tafsirin Modibbo, malamin masallacin unguwarmu, bayan la'asar, jikin ginshiƙi ɗaya. Ko bayan ya ƙaura, duk azumi sai ya rufe harkarsa ya dawo Garwa don wannan zama. A shekarar ciwo ya kwantar da shi, ƙafafunsa suka kumbura, likita ya hana shi tafiya. Ran goma ga azumi, da Modibbo ya zo rufe karatu, sai ya ambaci sunansa ya yi masa addu'a doguwa, masallaci ya amsa. Ni kuwa dama kullum ina gaba da 'yar na'urar ɗaukar murya, ina ɗaukar tafsirin ina zubawa a sarber ɗina, inda ba mai leƙawa sai ni. Inna ta ji addu'ar daga sashen mata. Ko mayafi ba ta cire ba ta kira Kawu a waya ta gaya masa, ta kuma rufe da cewa, "Za ka ji da kunnenka, Yaya. Yaron nan zai miƙo maka, ai aikinsa ke nan."

Kada a ce ba mu gwada hanyar mutane ba. Na zuba karatun a faifai na ba wani direba, ya dawo mini da shi bayan kwana biyu, ya ce ruwa ya yanke hanya gaba da Marwa. Na kara wayata a jikin lasifika, Kawu da kunnensa ya yi nauyi ya ce shi dai suyar ƙosai yake ji. Na matse muryar don ta yi sauƙin tafiya, Inna ta saurara ta ce wannan ba Modibbo ba ne, wani ne a cikin randa. Na ce to bari in yanko addu'ar kaɗai in aika, minti biyar ce. Nan Kawu ya karɓi wayar da kansa.

"Kai Sarber," ya ce, don sunan ya riga ya kai Kuseri, "ka san mutanen nan da ba sa zuwa karatu sai an ɗaga hannu za a shafa? Shekara talatin ina hararsu. Yanzu da tsufana za ka sa ni a layinsu? Daga sallama zan fara, in zauna har a tashi."

Saboda haka ba yadda za a yi, sai karatun awa biyu ya tafi Kuseri cikakke ta cikin injina. Wadda aikin karɓa ya faɗa wa ita ce Yaya Asabe, babbar 'yar Kawu, mai shagon atamfa, taubashiyata, wadda tun ina yaro ba ta taɓa ganina ta ƙyale ba.

Ga yadda kwanakin suka riƙa tafiya. Bayan asuba in ɗan kwanta, Inna ta tashe ni da cewa masu jira ba su kwanta ba. In naɗe wando, in riƙe takalmi a hannu, in ratsa laka har Rumde Ajiya, don masu babur ba sa shiga lungunmu in an yi ruwa. In buɗe ɗakin baya, warin danshi ya tare ni, in share ƙwarin da suka kwana a kan injin, in kunna. Can a Kuseri Yaya Asabe ta bar shagonta ta tafi wata sibar da 'yar kile ɗinta, ɗan abin nan da ake sokawa a kwamfuta a zuba abu a ciki. In ta fara saukewa sai ta yi mini bip ɗaya a waya, wato ta kira ta katse. In ya katse, bip biyu. Ban taɓa tsanar wani sauti kamar bip na biyun nan ba.

Wajen sha biyu kuma ga jarrabawa ta musamman. Madam Solanj mace ce mai kara, ba ta yarda ta ci abinci a gaban masu azumin da ke zaune a shagonta. Sai ta ɗauko kwanonta ta ɓuya a ɗakin baya, wato inda nake. Ta zauna a kan kwali, taku biyu daga hancina, ta buɗe soyayyen kifin Binuwai da yaji da albasa, ta ce, "Pardon, ɗana, kai ai na gida ne." Ina kallon allo, haruffa na rawa, cikina na amsa mata. Sau da yawa na rubuta layi goma a lokacin cin abincinta, in ta fita in goge su duka.

Abin ya ƙi. Yau ya kai kashi arba'in cikin ɗari hadari ya taso a Garwa, gobe ya kai sittin kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke a Kuseri. Rana ɗaya ya haura casa'in, har na miƙe tsaye, sai aka yi wata tsawa, bip biyu. Kuma duk lokacin da ya katse, in an dawo daga farko yake somawa. Mai sibar ɗin can yakan zuba wa Yaya Asabe ɗan abin da ya samu a kile, ta kai gida ta sa wa Kawu a rediyo. Ta haka Kawu ya haddace farkon zaman nan: tarin Modibbo, sallamarsa, faɗan da ya yi wa masu barin takalma a bakin ƙofa, da cigiyar wata baƙar lema da aka manta a masallaci. Kullum sai ya aiko a tambaye ni ko mai lemar ya zo ya karɓa.

Ni kuwa na raba laifi ga kowa. Na ba damina kasonta, na ba kuran, na ba farantin Madam, na ce mai sibar ɗin Kuseri bai san aikinsa ba, na ce wataƙila Yaya Asabe ce ke taɓa abin da ba a ce ta taɓa ba. Injina dai ba shi da laifi, tunda ya cika farillai.

Ran sha tara ga wata ba ta yi bip ba, kira ta yi.

"Kai Sarber, rezo mafi, kuran mafi," ta ce, da Larabcinsu na can, wato babu. "Haƙurina ma ya kusa zama mafi. Kwana nawa ina rufe shago ina zuwa kallon wani kore-koren layi yana tafiya yana komawa?"

Na fara yi mata bayanin hadari, ta katse ni. Muryarta ta sauka, abin da ban saba ji ba.

"Ka saurara. Baba ba ya cin abin kirki ko an sha ruwa. Jiya ya tambaye ni, wai da gaske Modibbo ya yi addu'ar nan, ko Inna ce ta faɗa don ta faranta masa. Ya ce mutum in ya bar gari mantawa ake yi da shi. Ban san me zan ce masa ba. Kai ka sani?"

Ban sani ba. Ranar ko kifin Madam ban ji ƙanshinsa ba. Tsoro ya kama ni sosai, tsoron kada tsohon nan ya tafi yana zaton ƙanwarsa ta yi masa ƙarya, alhali gaskiyar na nan a cikin injina, a ɗaki mai warin danshi.

Washegari bayan tafsiri ruwa ya tsare mu a barandar masallaci. Modibbo, Bafulatani ne dogo mai magana a hankali, ya yafito ni da hannu.

"Jam na, bingel am? Lafiya dai, ɗana? An ce saƙon Ɗanlami bai isa ba har yanzu."

Na durƙusa na yi masa bayani da kalmomin da nake ganin za su burge shi. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Tsaya in gane. In ta samu rabi ya katse, rabin nan ina yake zuwa?"

"Yana nan, Allah gafarta Malam. Amma injin daga farko yake sake ba ta."

"Ko saura kaɗan?"

"Ko saura kaɗan."

Ya gyara zama. "To ai wannan kaffara ce. Wata biyu a jere, in ka karya ɗaya da gangan ka koma farko. Ita Asabe me ta yi? Da gangan ta katse?"

"A'a, ruwa ne, wani lokaci kuran."

"Mai uzuri ke nan. Mai uzuri ramuwa yake yi, abin da ya sha kaɗai zai rama. Wa ya koya wa injin naka ɗora wa mai uzuri kaffara?"

Waɗanda ruwa ya tsare tare da mu suka fara matsowa. Na ga dama ta samu in nuna fassarata, na ce ai akwai hanyar ramuwar a cikin kundin, amma nafila ce. Na kwashe labarin farilla da sunna da nafila na gaya masa, ina jiran yabo. Modibbo ya yi murmushi, ya ce tsarin ya yi kyau. Sannan ya tambaya, "Su waɗanda suka rubuta kundin, a garinsu kuran na ɗaukewa?"

Na ce ban zata ba.

"Hadari na kashe musu faranti?"

Na girgiza kai.

"To a garinsu nafila ce. Kai da ke zaune tsakanin Garwa da Kuseri a watan ruwa, wa ya gaya maka taka nafila ce?" Ya miƙa hannu ya gwada ko ruwan ya tsagaita. "Ka je ka rama wa mutane."

Aka yi mini dariya a barandar nan har da waɗanda ba su san mene ne sarber ba.

Da safe na buɗe littafin da injin ke rubuta duk wanda ya zo da abin da ya roƙa, wanda ban taɓa damuwa in karanta da kyau ba. Kunya ta rufe ni. Ashe tun ranar farko injin Kuseri yake roƙo da ladabi: na samu kaza, ba ni daga nan zuwa ƙarshe. Kullum, sau da yawa a rana. Nawa kuwa sai ya yi kamar bai ji ba, ya ɗauko daga sallama. Daidai sarber ɗin da Inna ke nufi, wanda za ka ce ya ƙaro maka miya, ya kwashe kwanon gabanka ya je ya sake ɗora tukunya.

Na nemo shafin da na rubuta wa nafila, danshi ya sa ya manne da na bayansa, sai da na ɓamɓare. Aikin ba shi da yawa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Injin ya sanar cewa yana karɓar roƙon ragowa. In an roƙa, ya karanta daga inda ake so, ya amsa da wata lamba ta daban, ɗari biyu da shida, mai nufin ga wani yanki, maimakon ɗari biyu mai nufin ga shi duka. Sannan ya tsallaka zuwa wurin ya fara miƙawa daga nan. Kwana biyu na yi a kai, da yunwa da kifin Madam da ɗaukewar kuran. Ran ashirin da uku na kira Yaya Asabe da muryar manya na ce ta je ta gwada.

Ya katse sau shida, sau shida yana ci gaba. Kafin la'asar layin ya cika. Na fito tsakar shagon ina taka rawa, Madam ta ce wala, wato ga shi nan, ta tafa mini. Na je gida na gaya wa Inna an gama, ta ƙara gyaɗa a kunu.

Bayan an sha ruwa waya ta yi ƙara. Yaya Asabe ce, tana dariyar da ta hana ta magana, sai ta miƙa wa Kawu.

"Sarber," ya ce, "Modibbo lafiyarsa ƙalau kuwa?"

Na ce ƙalau.

"To sau bakwai ya yi mana sallama. Ya yi tari, ya yi sallama, ya yi faɗan takalma, ya yi cigiyar lema, a ɗan yi karatu, sai ya sake tari ya sake sallama. Ni kuma amsa sallama wajibi ce, sau bakwai ina amsawa. Ga lemar nan har yanzu ba a samu mai ita ba. Addu'a kuwa ban ji ba."

Na gane abin da na yi tun kafin ya rufe baki. Na koya wa injin ya ce ga ragowa, na manta ban koya masa ya tsallaka zuwa wurin ba. Bakinsa na cewa ramuwa, hannunsa na miƙa farko. Layi ɗaya ne ya ɓace, na tabbata kuma a lokacin cin abincin Madam na goge shi. Inna ta janye kwanon kunun daga gabana ta rufe.

Wannan karon ban yarda da kaina ba. Na gyara layin, na zauna ina sauke karatun daga wata kwamfutar shagon, ina zare waya da hannuna ina mayarwa, sau goma, sau ashirin, sannan in saurari abin da ya fito daga farko har ƙarshe. Na gano wani kuskuren ma, don injin daga sifili yake fara ƙirga ni kuwa daga ɗaya, na gyara. Na saurari zaman nan har na fi Kawu haddace shi. Kwana uku Yaya Asabe ba ta samu kuran ba, ina zaune ina cizon yatsa.

Ran ashirin da bakwai aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na isa shagon a jiƙe har wuya. Bip ɗaya. Na zauna gaban littafin injin ina kallo. Rezo ya tafi, ya dawo, sai ga layi: ɗari biyu da shida. Ya sake tafiya, ya daɗe, ɗakin ya fara yoyo na sa bokiti, ya dawo: ɗari biyu da shida. Madam ta shigo da kwanonta, ta dube ni, ta fita da shi ba ta buɗe ba. Sau tara ya katse a ranar. Ana kiran la'asar saƙo ya shigo daga Yaya Asabe, kalma ɗaya: kalas, wato an gama.

Ban gaya wa Inna ba, na ji tsoron kunun. Muna zaune bayan magariba, ruwa ya koma yayyafi, wayar ta yi ƙara. Na sa ta a lasifika.

"Na zauna," in ji Kawu. Muryarsa ta yi rauni amma a sake take. "Daga sallama har aka shafa. Sallama ɗaya." Ya numfasa. "Ya ce wurina na nan jikin ginshiƙi, ba wanda ya zauna. Haka ne?"

Inna ta ce, "Haka ne, Yaya." Ta juya fuska tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara.

"Na sa Asabe ta maimaita mini wurin amin ɗin sau biyar. Duk na gane su. Mai kaurin nan Sarkin Pawa ne. Wanda ya makara kuwa Buba tela ne, shekara talatin yana makara." Ya yi 'yar dariya ta zama tari. Da ya lafa sai ya ce, "Sarber, kai ne ke riƙe da na'urar?"

Na ce ni ne.

"A bakinka take ke nan. To na ji amin ɗin kowa, har ta mata daga baya. Taka ban ji ba."

Gaskiya ya faɗa. Lokacin da masallaci ke amsawa, ni idona na kan 'yar jar fitilar na'urar, na riƙe numfashi don kada muryata ta ɓata ɗauka. Na fara yi masa bayanin haka, ya ce, "Uzuri ne, na karɓa. Amma mai uzuri ramuwa yake yi, haka aka ce Modibbo ya gaya maka." Ashe har wannan labarin ya kai Kuseri. Na buɗe baki in ce amin, abin da ya fito ko ni ban ji shi ba. Kawu ya ce rezo ne, in bari sai ya zo da kansa baɗi.

Da aka kashe wayar Inna ta share ido, ta turo mini kunu, sannan ta ce, "Ni kam tun farko, da ka yayyanka karatun nan gida goma ka aika ɗaya bayan ɗaya, ita ta jera masa, da ba a gama tuni ba?" Na ajiye ludayi. Jikan mahauta, kwana goma sha bakwai, tunanin yanka bai zo mini ba ko sau ɗaya.

Kawu bai zo baɗi ba. Ya rasu bayan babbar Salla, kafin a gama girbin dawa.

Yanzu karatun nan yana cikin wayata. In na tura wa wani, kafin in ajiye wayar ya isa, ba bip, ba laka, ba wanda ya san akwai wata lamba da ke aiki a ƙarƙashi. Shagon Madam ya zama wurin sayar da kayan waya, Modibbo ma ya riga mu gidan gaskiya. Jiya da na dawo daga ofis, bayan la'asar, na shimfiɗa tabarma inda inuwa ta fara sauka na kunna shi, kamar yadda nake yi duk azumi. Daga sallama nake farawa, ba na tsallakewa. Na ji tarin, na ji faɗan takalma, na ji cigiyar lema. Da aka zo ƙarshe Modibbo ya ambaci Ɗanlami, masallaci ya ɗauka, Sarkin Pawa da kaurinsa, mata daga baya, sannan Buba tela shi kaɗai. Bayan tasa akwai ɗan shiru kafin a fara neman takalma. A nan nake sa tawa.